Gadojin Santambul da Fiton Yauri

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kowa lafiya. Ya Inna da ƙafa? Ya ruwa bana? Ka tambaye ni me ke riƙe da gadar nan ta Bosforus, mashigin tekun da ya raba Santambul gida biyu, tunda a hoto ba ka ga ginshiƙi ko ɗaya cikin ruwa ba. To ga abin da na fahimta, daga gani da kuma bakin wani injiniya da muke sallah masallaci ɗaya.

Gadojin da muka sani a hanyar Yauri zuwa Koko da Jega kusan duk samfuri ɗaya ne: a kafa ginshiƙai, a shimfiɗa dogon kankare a kansu. Idan tirela ta hau, kankaren kan ɗan lanƙwasa, samansa ya matse, ƙasansa ya miƙe. Siminti yana jure matsi amma ba ya jure ja, shi ya sa ake zuba rodi mai yawa ta ƙasa. Irin wannan gada ba ta iya dogon taki, dole a yi ta jera ginshiƙai. A Bosforus kuwa ruwan na da zurfi da igiya mai ƙarfi, ga manyan jiragen dakon mai na wucewa dare da rana, ba wurin jera su.

Sai suka rataye hanyar. Hasumiya biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Asiya, aka ɗora musu jibga-jibgan igiyoyin ƙarfe guda biyu, kowace an haɗa ta da dubban siraran wayoyi. Daga jikinsu ƙananan igiyoyi suka sauko suka kama titin. Nauyin mota yana hawa ƙaramar igiya zuwa babba, babbar ta danne hasumiya ƙasa, ƙarshenta kuma an binne shi cikin ƙaton kankare a tudu. An buɗe ta a 1973, tsakanin hasumiyoyin mita 1,074. Ta biyu, Fatih Sultan Mehmet, ta zo a 1988. Ta Canakkale, a wani mashigin teku daban, da aka buɗe a 2022 takinta mita 2,023, ba wadda ta kai ta a duniya lokacin buɗe ta.

Akwai ƙanwar gadar rataye, wadda igiyoyin ke tasowa kai tsaye daga hasumiya zuwa titi a karkace, ba ruwanta da binne igiya a tudu. Irinta ce ta Lekki zuwa Ikoyi a Legas. Mai ragar ƙarfe kuma ka san ta, ta Anaca da ka sha bi lokacin fataucin albasa: kusurwa uku-uku ce sirrinta, don siffar ba ta karkacewa, wani ƙarfen na ja wani na tokarewa.

Amma wadda ta fi kama hankalina tsohuwa ce. A Buyukcekmece, yamma da gari, akwai gadar dutse da magini Sinan ya gama a 1567, zamanin Daular Usmaniyya. Ba rodi, ba siminti irin namu. Baka-baka ce, kamar bakan gizon da magina ke ɗaure rufin zaure da shi, kowane dutse na danne ɗan'uwansa har nauyin ya gangara gefe ya shige ƙasa. Na sa hannu a jikinta, duwatsun sun yi santsi, ciyawa ta tsiro a ɗan tsagin da ke tsakaninsu, tsofaffi na zaune a gefe da fatsa. Yanzu mota ba ta hawa, sai masu ƙafa. Sun san iyakar abin da za ta ɗauka, sun tsaya nan.

Wannan ne abin da na fi yi musu sha'awa, Yaya, ba tsawon gada ba. Babbar mota ba ta isa ta hau gadar Bosforus ta farko ba, an kora su can arewa, gadar Yavuz Sultan Selim ta 2016, ko da hanyar ta fi nisa. Mu kuwa gadar da aka yi wa lissafin wani nauyi, sai a hau ta da tirela an yi mata lodi har ta rankwafa, ba mai awo. Ta ƙasa kuma ruwa na nasa aikin. Ka tuna ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi ta tafi da gadoji. Galibi ba daga sama irin gadarmu ke mutuwa ba. Ruwa ne ke kwashe yashin gindin ginshiƙi ko ya cinye ƙasar bakin gada, kankaren na nan ƙalau amma ba abin da zai zauna a kai. Gulabenmu ba sa neman gadar rataye. Tushe mai zurfi suke nema, da wanda zai leƙa ƙarƙashi bayan kowace damina.

Kada ka ɗauka komai zuma ne. Safe da yamma cunkoson gadojin nan sai ka ji kamar ka sauka ka taka, ga shi an hana tafiyar ƙafa a kai sai ranar gudun fanfalaki. Kuɗin hawa ba mai tsayar da kai, na'ura ce ke karanta motar ta cire daga asusunka. Sababbin gadojin da kamfanoni suka gina suna da tsada, direbobi na ta ƙorafi, gwamnati ma ta lamunce wa kamfanonin adadin motoci, in ba su cika ba ta biya cikon.

Ni dai fito nake bi. Daga Eminonu a ɓangaren Turai zuwa Kadikoy a ɓangaren Asiya kamar minti 20 ne, da katin da nake shiga bas da shi. Lokaci na cika a rufe ƙofa, ko kai wane ne. Rigunan ceto na jere inda kowa ke gani, mai shayi na zagayawa da ƙananan kofuna. Duk sanda na zauna sai mutanen Wara su faɗo mini, waɗanda jirgi ya kife da su a Mayun 2021 suna hanyar kasuwa, Allah Ya jiƙan su. Gada a kan kogin Neja sai gwamnati, amma ƙidayar fasinja da rigar ceto sarkin ruwa da ƙungiyar masu jirage ma za su iya.

Na sa wa wani ɗan Argungu da zai taho saƙon riguna 10 na ceto tare da jallabiyoyin da ka ce. Ka ba Kawu na jirginsa, ka ce masa ban yarda a ajiye su a ɗaka ba. Kuɗin jallabiyar kuma sai mun yi waya, don lira ba ta zama wuri ɗaya.

Ƙaninka.