"Ku nawa ne?": rahoton neman masauki da abokan aikin bishara a Nairobi

Gaisuwa ga iyayenmu dattawa da kwamitin bishara na gida, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ga abin da aka samo a zagayen neman masauki da abokan aiki a Kenya saboda tawagar da kuke shirin turowa.

A wani masaukin baƙi na mishan a yammacin Nairobi, mai riƙe da rajista, wata dattijuwa mai fara'a, tana ta nuna ɗakuna har sai da ta ji cewa daga Najeriya baƙin za su fito. Sai ta rufe littafin, ta ɗora tafin hannu a kai, ta ce: "Ku nawa ne? Ba waɗanda kuke fatan su zo ba, waɗanda za su sauko daga jirgi." Ta buɗe shafukan baya ta nuna wurare biyu da aka soke da jar biro. Wata tawaga daga wajenmu an kama mata gado 12, mutum 19 suka iso da tsakar dare. Wata kuma an ajiye mata ɗaki 8 a watan Yuli, ba ta zo ba, ko saƙo ba ta aiko ba. Matar ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi sauƙin haɗiya. Sharaɗinta shi ne jerin sunaye kamar yadda suke a fasfo, lambar jirgi, da rabin kuɗi kafin alƙalami. In ba haka ba, babu ɗaki.

Kuma gaskiya ce ta faɗa. Mu a gida mun saba, baƙin bishara in sun yi yawa sai a buɗe ajin makarantar Lahadi a jera katifu, zumuntar mata su ƙara kwanon masara biyu a tukunya, shi ke nan. Wannan alheri ne, har yau ina kewarsa. Amma shi ya sa muka ɗauki "sai mun zo" da "Allah zai tanada" tamkar tsari. A nan mai dafa abinci da lissafi take sayen cefane, gado kuma in an ajiye maka an hana wani ne. Daga Yuni zuwa Agusta tawagogin Amurka da Koriya ke cika waɗannan masaukai, da yawansu tun watanni suka biya. Ɗakin da muka riƙe da baki muka ƙi zuwa asara ce ga aikin da kuɗin masaukin ke ɗaukar nauyinsa. Sai kuma zancen girma: in Baba Rabaran na bukatar ɗaki shi kaɗai, a faɗa tun yanzu a biya, kada a tsaya a gaban kanta ana raɗa cewa ai babba ne.

Duba masauki kuwa ba a hoto ake yi ba. A ƙirga gadaje da ido, a raba na maza da na mata. A buɗe famfo a kowane bene, a tambayi girman tanki da ko akwai rijiyar burtsatse, domin unguwanni da yawa a Nairobi rabon ruwa ake yi da kwanaki. Ruwan zafi a mafi yawan bayi daga wani kan shawa mai lantarki yake fitowa. A kunna a ga ko yana ɗumi, a kuma duba wayarsa, wadda aka naɗe da salatif tana jan mutum. Kada a raina wannan: Nairobi na bisa tudu kusan mita 1,800, ta fi Jos tsawo nesa, kuma Yuli ne tsakiyar sanyinta. Wanda ya zo da 'yar shara kamar mai zuwa Yola zai kwana yana karkarwa. A nemi bargo biyu kowane gado. Gidan sauro bai zama dole sosai a Nairobi ba, amma in aikin zai kai Kisumu ko bakin teku, dole ne, har da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

A tambaya a rubuce ko kuɗin ya haɗa da karin kumallo kawai ko da abinci uku, da ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, da ko akwai ɗakin addu'ar safe. Ugali ɗan'uwan tuwon masara ne, sai dai ya fi tauri, kuma da ganyen sukuma ake ci, yaji babu. Ku zo da yajinku da kuka da daddawa a cikin roba mai murfi, ba a leda ba, don tun 2017 aka haramta leda a ƙasar.

Wajen biyan kuɗi kam mutanen Kenya sun burge ni. M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta wayar hannu, tun 2007 take, yau har mai sayar da tumatir da ita take karɓa, kuma kafin kuɗi ya tafi sunan mai karɓa zai fito a waya. Ma'ajin tawaga ya yi rajistar layi da fasfonsa ranar isowa, ya riƙa biya a lambar masauki ko ta ikilisiya, ba ta wani mutum ba. Ɗabi'armu ta ɗaure kuɗin tawaga duka a aljihun mutum ɗaya babu rasit, a bar ta a gida.

Abokan aiki su ma sai an tantance. Tun bayan abin da ya faru a dajin Shakahola a 2023, inda aka tono gawa sama da 400 na mabiyan wani mai wa'azi, mutanen Kenya ba sa wasa da baƙon mai wa'azi, mu ma bai kamata mu yi wasa da wanda ya gayyace mu ba. A nemi takardar rajistar ikilisiya, a kuma san wanda ke bisa faston. Ikilisiyar AIC (Africa Inland Church), wadda ta fito daga mishan ɗin da Peter Cameron Scott ya kafa a 1895, tsarinta na gundumomi ya yi kama da abin da muka sani a ECWA, saboda haka wasiƙa daga shugabanninmu zuwa nasu tana buɗe ƙofa. A halarci sujadarsu ba tare da sanarwa ba. A tambaye su aikin da suke yi da tawagarmu ko ba ita, da wanda zai bi sababbin tuba bayan mun tafi. Wanda amsarsa ta fara da gini da mota, a yi masa godiya a wuce. Tafinta a same shi tun da wuri: Swahili ya isa a gari, amma a Marsabit ko Turkana, can arewacin ƙasar, sai mai harshen wurin. In da likita a tawaga, sai ya sami lasisin wucin gadi, magunguna kuma sai da izinin shigowa, in ba haka ba a filin jirgi za su tsaya.

Mota mai kujera 14 ba ta ɗaukar mutum 14 da akwatunansu, a yi lissafin 10. Kowa ya zo da katin rigakafin shawara.

Dattijuwar nan ta yarda ta rubuta mana ɗaki 6 da fensir na mako biyu. In sunaye da kafin alƙalami sun iso za ta bi da biro, in ba su iso ba za ta goge.