Wane Gwajin Jini Ne Ke Nuna Tabon Hanta? Kafin Ka Biya, Karanta

Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C yakan tarar da jerin gwaje-gwaje a ɗakin gwaji, kowanne da kuɗinsa, alhali abin da yake son sani ɗaya ne: shin hantar ta fara tabo, kuma tabon ya kai ina?

ALT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, shi ne wanda kowa ya sani. Kumburin yau yake nunawa, ba ya auna tabon da ya taru shekara da shekaru. Wani ɗan'uwana ya daɗe ana ce masa "ALT ɗinka lafiya lau", har cikinsa ya fara tara ruwa. Tun daga nan na daina sakankancewa da gwajin da zai fito fes alhali hanta tana ƙandarewa.

Ni dai APRI nake so, kuma ba na ɓoyewa. Lissafi ne da ake yi da abu biyu da kusan kowane ɗakin gwaji ke aunawa: AST, wani sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta ji rauni, da yawan filatilet, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Idan hanta ta yi tauri, saifa takan kumbura ta riƙe filatilet, sai adadinsu ya ragu. A raba AST da iyakarsa ta lafiya, galibi 40, a raba abin da ya fito da adadin filatilet, a ninka sau 100. Mai AST 60 da filatilet 120 (wato 120,000, domin a dubbai ake sa shi a lissafin) zai sami 1.25. A jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 kan nau'in B, wanda ya haura 0.5 ana ɗaukarsa mai tabon da ya isa a fara magani, wanda ya haura 1 kuma ana zargin hantarsa ta ƙandare. Rauninsa shi ne zazzaɓin cizon sauro yana rage filatilet, giya kuma tana ɗaga AST, don haka kada a ɗebi jinin ana tsakiyar zazzaɓi.

FIB-4 ɗan'uwansa ne, ya ƙara shekarun mutum da ALT a lissafin, sai dai yakan tsorata dattawa ba gaira ba dalili. FibroTest da ELF, wasu gwaje-gwajen jini na tabon hanta, suna da kyau, amma tsada da ƙarancin inda ake yin su sun cire su daga lissafina. Awon yawan ƙwayar cutar a jini wajibi ne, amma ita ƙwayar yake ƙirgawa, bai san tabo ba.

Sai maganar 'yan damfara, wadda ta fi ci mini rai. Akwai na'urar da ake ba mutum ɗan ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta fitar da "lafiyar hanta" cikin mintuna ba tare da an ɗebi jini ba. Ƙarya ce tsagwaronta. Galibi mai na'urar yana da jarkar magani a gefe, yana rantsuwa cewa wata uku kacal HBsAg, wato alamar ƙwayar cutar nau'in B a jini, zai goge. Wasu haɗe-haɗen ma su ke ƙarasa hantar. Akwai kuma masu karɓar jini su rubuta lamba da ka. Duba takardar da kyau: sunanka, kwanan wata, iyakar lafiya a gefen kowace lamba, da sa hannun wanda ya yi awon. Idan an ba ka "sakamakon APRI" babu AST da filatilet a rubuce, kada ka karɓa. Duk wanda kuma ya ce ka ajiye tenofovir ko entecavir, magungunan asibiti na nau'in B, don maganinsa, ka tashi ka bar wurin, domin dakatar da su farat ɗaya na iya tayar da ciwon har hanta ta gaza.