Wane iri za ka saya idan za ka mayar da filin ciyawa lambun furanni a Kumasi?

Wanda ya gaji da biyan mai yankan ciyawa, yake son ganin ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi a filin gidansa, hanya uku ce a gabansa.

Akwai fakitin gaurayen iri da ake shigowa da shi daga Turai, mai hoton fili cike da launuka. Ba na ba da shawararsa. Don ƙasashen sanyi aka haɗa shi, wasu daga cikin irin ma sai sun sha sanyi suke tsirowa, ga laimar Asante ba ta raga musu.

Wanda na fi amincewa da shi shi ne irin gida, kuma shi ya fi araha. Ka shiga kasuwar Aboabo ko Kejetia ka nemi ɗanyen riɗi wanda ba a soya ba, ba a cire masa ɓawo ba, da irin yakuwa, da ɗaɗɗoya. Riɗi kan fara fure cikin wata biyu, kuma za ka ga ƙudan zuma ya kutsa cikin farin furen gaba ɗaya, ya fito da garin furen a jikinsa. Ɗaɗɗoya kuwa sai an daure an bar wasu sun yi kai, kada uwargida ta tsinke su duka don miya. Idan za ka ƙara zinniya, wani furen ado mai launuka, daga shagon kayan noma, zaɓi wadda tsakiyarta ke buɗe. Masu fure ninki-ninki ado ne kawai, ƙwaro ba ya kaiwa ga ruwan zumar.

Sai dashen da ake sayarwa a baƙar leda a bakin titi. Ya fi tsada, don haka ka ware shi ga zogale da lalle a gefen katanga, su da ke jure hunturu. Lantana dai, wata shukar ado mai ƙananan furanni, ka bar ta, komai kyanta, mamaye wuri take yi kamar ciyawar nan da ake kira Acheampong a Ghana.

Ka shuka a Afrilu ko Satumba da saukar ruwa. Ka tone tsohuwar ciyawar har saiwa, ka rage taki domin ciyawa ce ke cin moriyarsa, kuma kada maganin feshi ya kusanci wurin.