Littafi mai launi, bidiyo ko shafin gwaji: da wanne za ka fara koyon gina shafin intanet?

Mai son koyon gina shafin intanet da abu biyu zai fara: HTML, wanda ke faɗa wa burauza (manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome) cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wancan hoto ne, sai kuma CSS, mai kula da launi da girma da inda kowane abu zai zauna. JavaScript sai daga baya. Kayan koyo masu hotuna suna da yawa, amma kafin ka kashe kuɗi ko data, tambayoyi biyu ne za su yanke maka hukunci: wace shekara aka yi abin, kuma wace na'ura ce a hannunka.

Mu fara da littafi, domin nan aka fi yin asarar kuɗi. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne na Jon Duckett, HTML and CSS: Design and Build Websites, da kamfanin Wiley ya buga a 2011. Kowane shafinsa mai launi ne, kodin a gefe ɗaya, abin da zai fito a allo a ɗaya gefen. Ga wanda bai taɓa ganin HTML ba, da wuya a samu bayani mai sauƙin shiga kai kamarsa. Matsalarsa tsufa. Yana koyar da jera shafi da float, tsohuwar dabarar CSS, alhali yau da sabbin dabaru biyu, flexbox da grid, ake wannan aiki, kuma grid bai shigo manyan burauzoji ba sai a 2017. Saboda haka sassan HTML da na rubutu da launi har gobe suna da amfani, amma babin tsara shafi ka tsallake shi. Littafin Jennifer Robbins, Learning Web Design, bugu na biyar na 2018, ya ƙunshi flexbox da grid da yadda shafi zai dace da allon waya. Ya fi kauri, rubutunsa ya fi yawa, amma in littafi ɗaya tak za ka saya, shi ya fi cancanta.

Duk littafin da aka miƙo maka a shago, juya baya ka duba jerin kalmomin ƙarshe. In babu flexbox, babu grid, babu viewport, ka san tsoho ne. In kuma ka ga ana koyar da font ko center a matsayin alamun HTML, ko ana jera shafi cikin table, mayar da shi kan kanta. Ka kuma yi hattara da kwafin fotokofi baƙi da fari. Yana da araha, amma a irin waɗannan littattafai launi ne ke nuna maka layin da ake magana a kansa, da ya tafi rabin darasin ya tafi.

Ga misalin abin da hoto mai kyau ya kamata ya warware maka. Ka ba wani akwati a shafinka faɗin 300px (px ma'aunin girma ne a allo), ka ƙara masa padding, wato tazarar cikin akwati, na 20px da border, wato layin da ya zagaye shi, na 5px. Sabon shiga zai zaci faɗinsa 300 ne, amma a allo 350 zai ci, domin 20 da 5 ɗin ana ƙara su ne hagu da dama. Shi ya sa akwatuna biyu da aka ba kowanne kashi 50 cikin ɗari suke ƙin zama a layi ɗaya, na biyun ya faɗo ƙasa. Maganinsa layi ɗaya ne, box-sizing: border-box. Littafi ko bidiyon da bai zana maka wannan akwati da sassansa huɗu ba (abin da ke ciki, padding, border da margin, wato tazarar waje), bai cika mai hoto ba, ado kawai aka yi masa.

Bidiyo kuwa, amfaninsa shi ne kana ganin hannun malami yana rubutu, yana kuskure, yana gyarawa. YouTube cike yake da su kyauta. Sai dai rubutun kodin ƙanana ne, a 360p ko 480p ba za ka bambance waƙafi da aya ba, sai ka ɗaga zuwa 720p, nan kuma data ke zuba. Gara ka sauke darasi lokacin da ka samu wayafai ko garaɓasar dare. Babban haɗarinsa shi ne mutum ya kalli awa goma ya ji kamar ya iya, a ba shi fayil babu komai ya rasa ta ina zai fara. Ƙa'idar ita ce duk minti biyar ka tsayar, ka rubuta da hannunka. Kwas na kuɗi bai zama dole ba a wannan mataki.

A ganinmu, shafukan gwaji su suka fi ba da riba, kuma kyauta ne. freeCodeCamp, wanda aka kafa a 2014, yana ba ka umarni a gefe, ka rubuta a tsakiya, sakamako ya fito nan take. W3Schools ya fi dacewa da duba abu da sauri. MDN na Mozilla shi ne wurin tabbatar da gaskiyar magana, ko da yake Turancinsa ya fi nauyi. Don gane jera kaya, Flexbox Froggy mai matakai 24 da Grid Garden mai 28 wasanni ne da za ka gama cikin yini ɗaya ko biyu. Rauninsu biyu ne: sai da intanet, kuma suna ɓoye maka aikin adana fayil.

Wannan aikin na fayil shi ke kayar da mutane da yawa ranar farko. Notepad kan adana shafi da suna index.html.txt, burauza ta nuna kodin tsagwaronsa maimakon shafi. Sunan fayil ɗin CSS ya saɓa da wanda aka rubuta a HTML da harafi ɗaya, launi ya ƙi fitowa. Wanda kuma zai yi shafi da Hausa, lallai ya sa meta charset="utf-8" a saman shafinsa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya komawa wasu alamomi marasa ma'ana.

Mai kwamfuta, ko da tsohuwa ce mai RAM 4GB, ya sauke VS Code, manhajar rubuta kodi, kyauta ne, ya haɗa freeCodeCamp da littafi ɗaya don lokacin da aka ɗauke wuta ko data ta ƙare. Ya kuma saba da danna F12 a Chrome ko Firefox: zai ga zanen akwatin nan na kowane abu a kowane shafi, ya canza lamba ya ga abin da zai faru. Mai waya kaɗai zai iya farawa da manhaja irin su Acode a Android, amma ya kashe gyaran rubutu na kibod, domin yakan canza kalmomi ya lalata kodin. Katin taƙaitawa mai shafi ɗaya ko biyu da ke jera alamun HTML da CSS kuwa, a bar shi sai an yi wata guda ana rubutu, tunda tunatarwa yake yi, ba ya koyarwa.