Mai duba giyar mota da kwamfuta: ya hana ni asara, amma yaransa sun ɓata min rai

Honda Accord ɗina ta 2005, wadda ake kira EOD, ta fara fizga duk lokacin da za ta shiga giya ta uku, harafin D kuma yana ta ƙyaftawa a dashbod. Bakaniken unguwarmu ya ɗan zaga da ita, ya dawo ya ce giyar ta tafi, in shiga kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa in nemo 'yar Beljiyam. Kun dai san kuɗin giya a yanzu. Wani abokin aikina ne ya ce kada in taɓa aljihuna sai na kai ta wurin wani mai duba mota da kwamfuta.

Gaskiya mutumin ya san aikinsa. Bai ma fara da kwamfutar ba. Sai da ya bar inji ya yi zafi, ya kashe, ya zaro sandar gwada man giya ya goga a farin ƙyalle, ya kai hanci. Man ya yi duhu amma ba ya warin ƙuna. Ya ce, "Yallaɓai, da kulocin ciki ya cinye, da tun daga nan ka ji ƙauri." Sannan ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ta fito da P0848. Ya ce wannan lambar tana nuni ne ga ɗan makunnin da ke auna ƙarfin mai na giya ta uku, abin da bai fi babban yatsa ba, ɗaure a jikin giyar daga waje. Da aka kwance noti don zubar da man, ya nuna min maganaɗisun da ke jikinsa: ɗan baƙin laka ne kawai, babu ɓarɓashin ƙarfe. Wallahi a nan hankalina ya kwanta. Ya canza makunnin, ya zuba kusan lita 3 na DW-1, man da Honda ta ce a sa, ya kuma gargaɗe ni kada in yarda a wanke giyar da injin turo mai. A zubar a sake zubawa kawai, bayan an ɗan yi tafiya a maimaita.

D ta daina ƙyaftawa, fizgar ta tafi. Da safe kafin ta ɗumama akwai ɗan jinkiri, amma ya faɗa min tun kafin ya karɓi kuɗina.

To amma yaransa! Sun shiga min mota da kayan aiki, kujerar direba duk tabon mai, har yau bai fita ba. Akwatin matatar iska ta inji ma ba su ɗaure shi da kyau ba, sai a hanya na ji yana kaɗawa. Na kira maigidansu ya ƙi ɗauka, na koma da kaina, ko haƙuri babu wanda ya ba ni. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kuɗin goge lambar daga kwamfutar mota da aka caje ni daban, bayan na biya kuɗin dubawa. Man ma ya ɗora riba mai nauyi a kai.

Zan koma don sauran canjin man, domin ban ga wanda ya kai shi gane giya ba. Sai dai da maina zan je, kuma ina tsaye a kan yaran har su gama.