Farasitamol ko ibufurofen: wanne za a ajiye a gida?

Maman Abba, kin tambaya wanne ya fi tsakanin biyun, ga ciwon jikin maigida da ke wuni kan kabu-kabu, ga zazzaɓin yara. Ni dai farasitamol zan fara ɗauka.

Farasitamol, irin su Panadol, yana sauke zazzaɓi da ciwon kai, bai cika damun ciki ba, ko ba a ci komai ba ana sha. Babba zai sha ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, ya jira aƙalla awa 4, kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. In aka zarce, hanta ce ke ji a jika, kuma ɓarnar ba ta nunawa ran farko.

Ibufurofen, irin su Brufen, ya fi shi aiki inda akwai kumburi: haƙori, targaɗe, ciwon mara. Amma yana cin ciki, don haka sai an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi, mai asma kuma ya tambayi likita. Abin da ya fi damuna shi ne zafinmu na Sakkwato. A Afrilu ana haura digiri 40, mutum ya dawo wujiga-wujiga, gumi ya bushe fari a bayan riga, bai sha ruwan kirki ba, ya haɗiye ƙwaya biyu. A irin wannan hali ne yake taɓa ƙoda. Haka yaron da ke amai ko gudawa, kada a ba shi.

Don Allah ki ja kunnen maigida kan "a haɗa mini na gajiya" a kemis. Ƙwayoyi ne tsirara a ƙullin leda, ba suna. Maganin mura da yawa akwai farasitamol ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. A sayi mai kwali da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Yara kuwa da nauyinsu ake auna musu maganin ruwa, da ƙoƙon da ke cikin kwalin, ba cokalin shayi ba. Asfirin ban da ɗan ƙasa da shekara 16. Kuma farasitamol da ibufurofen duka ba sa kashe maleriya. Zazzaɓin damina a fara da gwajin jini, jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa asibiti kai tsaye.

Allah ya ƙara lafiya.