Katin Platinum Secured na Capital One ga wanda kotun Amurka ta sauke wa bashi

Wanda arzikinsa ya karye a Amurka har ya kai kansa kotu, ranar da alƙali ya sa hannu a takardar sallama ba ita ce ƙarshen wahala ba. Bashin ya sauka daga wuyansa, amma tabon yana nan a rahoton bashinsa, wato rubutaccen tarihin basukansa da yadda yake biyansu: shekara 10 ga wanda ya bi ta Babi na 7 na dokar karyewar arziki (inda ake sauke bashin ba tare da tsarin biya ba), shekara 7 ga wanda ya bi ta Babi na 13 (inda ake biya kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar kotu), kuma daga ranar shigar da ƙara ake fara ƙirga, ba daga ranar sallama ba. A ƙasar da mai gidan haya, da dillalin mota, da kamfanin waya duk sai sun leƙa wannan rahoto kafin su yi hulɗa da kai, zaman jiran shekara goma ba dabara ba ce. Dole mutum ya fara tara sabuwar shaida cewa yanzu yana biya a kan lokaci.

Abin da ya fi araha wajen tara wannan shaida shi ne katin bashi na jingina, wato ka ajiye wa banki kuɗinka, shi kuma ya ba ka katin da za ka ci bashi daidai gwargwado. A cikin irin waɗannan katuna, Platinum Secured na bankin Capital One yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mai fitowa daga kotu. Ba kati ne mai ƙayatarwa ba, ba ya ba da tukuicin sayayya ko sisi, kuma kuɗin ruwansa ya kusan kashi 30 cikin 100 a shekara. Duk da haka, ga aikin da ake nemansa dominsa, ya isa.

Ba a biyan kuɗin shekara a kansa. Jinginar da bankin zai nema tana iya zama dala 49, ko 99, ko 200, gwargwadon yadda ya auna ka, kuma a duk ukun iyakar katin ta farko dala 200 ce. Wanda bai daɗe da fitowa daga kotu ba ya sa a ransa cewa 200 ɗin za a ce ya kawo. Idan aka ce 49, sai ya gode wa Allah. Ana ba da kwana 35 a kammala ajiyar, ana kuma iya kawo ta kaɗan-kaɗan, amma sai ta asusun banki. Mai son iyaka mafi faɗi yana iya ƙara jinginar har dala 1,000. Bankin yana aika labarin biyanka kowane wata ga kamfanoni ukun da ke riƙe da rahoton bashin jama'a, wato Equifax da Experian da TransUnion, kuma wannan aikawar ita ce ainihin abin da kake nema. Katin cirar kuɗi na asusunka, ko katin da ake lodawa a kanti, ko shekara nawa ka yi kana amfani da su, ba wanda zai rubuta maka komai.

Kada a yi gaggawar cika takardar nema. Muddin shari'ar ba a rufe ta da sallama ba, bankin ba zai karɓa ba. A Babi na 7 sallama kan zo wajen wata huɗu bayan shigar da ƙara. A Babi na 13 kuwa mutum yana cikin tsarin biya na shekara 3 zuwa 5, kuma cin sabon bashi a tsakanin nan sai da izinin kotu ko wakilinta. Wanda ya yi gaban kansa yana iya ɓata shari'arsa gaba ɗaya.

Bayan sallama ma akwai aikin da ya kamata ya riga katin. Ka shiga AnnualCreditReport.com, wanda shi ne shafin da doka ta amince da shi, ka sauke rahotannin nan uku kyauta. Ka ɗauko jerin masu bin ka bashi da ka miƙa wa kotu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk bashin da aka sauke ya kamata ya nuna saura sifili, tare da bayanin cewa yana cikin shari'ar. Kuskuren da aka fi gani shi ne asusun da ya ci gaba da nuna saura, ko yake ƙara rubuta maka makara kowane wata bayan ranar shigar da ƙara, ko bashi ɗaya ya fito sau biyu saboda an sayar da shi ga kamfanin karɓar bashi. Irin wannan yana danne makin da ake auna amincinka wajen biyan bashi da shi fiye da yadda sabon kati zai iya ɗaga shi. Ka rubuta ƙorafi ga kowane kamfani da kuskuren ya fito a wurinsa, ka haɗa da kwafin takardar sallama da shafin da sunan mai bashin yake. Doka ta ba su kwana 30 su bincika. Gyara a Experian ba ya nufin an gyara a sauran biyun, kowanne sai ka bi shi daban.

Daga nan sai ka yi gwajin cancanta da ke shafin bankin, wanda ba ya barin alama a rahotonka. Wannan mataki yana da muhimmanci a nan fiye da sauran wurare, domin an san Capital One da buɗe rahotanni ukun duka idan aka cika cikakkiyar takardar nema, kuma kowace buɗewa tana zama a rubuce shekara biyu. Wannan aibi ne na gaske a katin. Haka kuma idan bankin yana cikin waɗanda suka yi asarar kuɗinsu a shari'arka, yana da damar ƙin ka, kuma gwajin zai nuna maka inda ka tsaya ba tare da ka yi hasarar maki ba.

To, katin ya iso. A nan ne mafi yawan mutane suke ɓata abin, domin suna ɗaukarsa kuɗin kashewa. Makin FICO, wato makin da masu ba da bashi suka fi dubawa, wanda ke tsakanin 300 da 850, kashi 35 cikin 100 nasa daga tarihin biya yake, kashi 30 kuma daga yawan bashin da ke kanka, musamman kason da ka ci daga iyakar katinka. A katin dala 200, cika tankin mota sau biyu da cefane ɗaya sun isa su kai ka dala 150, wato kashi 75 cikin 100, kuma a idon lissafin ka zama mutumin da ke cikin matsi ko da kuwa ka biya duka a ƙarshen wata. Dalili shi ne bankin yakan aika adadin da ya tarar a ranar rufe lissafin wata, ba wanda ya rage bayan ranar biya ba. Ranakun nan biyu daban suke, tsakaninsu aƙalla kwana 21, kuma duk suna rubuce a saman takardar lissafin. Abin da ake so shi ne ranar rufewa ta same ka ƙasa da kashi 30, in so samu ne ƙasa da kashi 10, wato kada ya haura dala 20.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora wa katin ƙaramin abu guda da dama kake biya kowane wata, wanda bai wuce dala 10 zuwa 20 ba, sannan ka sa shi a aljihun tebur. A manhajar bankin ka kunna biya kai tsaye daga asusunka, kuma ka zaɓi cikakken abin da ke takardar lissafi, ba mafi ƙarancin biya ba. Ka sa ranar biya ta faɗo kwana uku ko huɗu bayan albashi ya shiga, domin idan aka zo cira asusun babu kuɗi, biyan ya dawo, tara ta hau. Makarar kwana ɗaya tana jawo tara da za ta iya kai dala 40. Makarar da ta cika kwana 30 kuwa rahoto take shiga, ta zauna shekara 7, kuma makara bayan sallamar kotu ta fi ta da muni, domin tana gaya wa duk mai dubawa cewa halin bai sauya ba. Wasu suna zaton idan ba su biya ba za a cire daga jinginar. Ba haka ba ne. Jinginar tana kulle, ba a taɓa ta sai an rufe katin, kuma kafin a kai nan an riga an rubuta makarar.

Akwai wata magana da ke yawo cewa sai ka bar ɗan saura bankin ya ci ruwa kafin maki ya tashi. Ƙarya ce. Lissafin makin bai san ko ka biya ruwa ko ba ka biya ba. Wanda ya bar dala 150 a katin zai riƙa ba bankin kusan dala 4 a wata a banza, sannan ya rasa rangwamen kwanakin da ba a lissafa ruwa, har sabuwar sayayyarsa ta fara tara ruwa tun ranar da ya yi ta. Wannan batu ya fi shafar Musulmi. Mai biyan cikakken lissafi kafin ranar biya ba ya ba da ko kwabo na ruwa, shi ya sa wasu malamai suka sauƙaƙa a kai idan akwai buƙata, wasu kuma suka tsaya a kan cewa sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin riba shi kansa matsala ne. Wanda abin ya dame shi ya zauna da malamin da ya san yadda tsarin ƙasar yake kafin ya nema.

Wani rami kuma da 'yan uwanmu ke yawan faɗawa shi ne tura kuɗi gida da katin. Idan ka biya kamfanin aika kuɗi da katin bashi, galibi banki yana ɗaukarsa a matsayin cirar tsabar kuɗi: akwai caji nan take, ruwa kuma yana farawa a ranar, babu wani rangwamen kwanaki. Kuɗin Kano ko Maraɗi ko Kumasi su fita daga asusunka, katin nan ya tsaya a aikinsa.

Idan aka kwatanta shi da sauran, Discover it Secured ya fi shi daɗin sha'ani: shi ma babu kuɗin shekara, yana mayar da kashi 2 a gidajen mai da na abinci da kashi 1 a sauran wurare, jinginarsa kuma daga dala 200 take farawa. Sai dai tun watan Mayu na 2025 Capital One ya saye Discover, don haka a duba sharuɗɗan da ke shafin a ranar nema. OpenSky na wanda aka ƙi ne a ko'ina, tunda ba ya buɗe rahoton bashi sam, amma katinsa na asali yana cin dala 35 a shekara. Tsarin bashin gina tarihi na kamfanin Self kuwa, inda za ka riƙa zuba misali dala 25 a wata na wata 24 a mayar maka a ƙarshe, yana aiki, amma abin da zai dawo bai kai dala 600 ɗin da ka zuba ba, domin ruwa a cikin ginin tsarin yake, babu hanyar kauce masa. Wanda ya saba da adashe zai fi samun natsuwa da tsarin ƙungiyar Mission Asset Fund ta San Francisco, wadda ke shirya adashe a rubuce ba tare da ruwa ba, ta kuma aika labarin zubin ga kamfanonin rahoto. Adashen da ake yi tsakanin 'yan gari, komai amanar da aka riƙe a cikinsa, ba ya shiga rahoton kowa.

Abin da za a guje wa shi ne takardun tayi da za su cika akwatin wasiƙarka makonni kaɗan bayan sallama. Masu aiko su sun san cewa wanda ya samu sallamar Babi na 7 ba zai sake samun irinta ba sai bayan shekara 8, saboda haka ba shi da wurin gudu. Katunansu ba su neman jingina, amma dokar katin bashi ta 2009 ta bar su su caji har kashi 25 cikin 100 na iyakar katin a shekarar farko, wato dala 75 a katin dala 300, kuɗin da ba ya dawowa, alhali jingina taka ce. Haka ma kamfanonin da ke alkawarin goge shari'ar daga rahoto. Ba mai iya goge bayanin da yake gaskiya, wata dokar tarayya ta 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin aiki, kuma a 2023 an ɗora wa kamfanonin da ke bayan Lexington Law da CreditRepair.com hukuncin dala biliyan 2.7 a kan yadda suke cajin mutane.

Capital One yana fara duba yiwuwar ƙara maka iyaka daga wata na shida, kuma idan biya ya tafi daidai yana iya mayar maka da jinginar ya bar maka katin. Rauninsa a nan shi ne bai ɗaure kansa da wata rana ba. Wani ya samu da wuri, wani ya haura shekara yana jira. Idan jiran ya yi tsawo kada haushi ya sa ka rufe katin don karɓar dala 200, domin shi ne asusunka mafi tsufa a sabon tarihin, kuma riƙe shi ba ya cin komai. Bayan wata 12 na biya ba fashi, kati na biyu marar kuɗin shekara ya wadatar, shi ma ta gwajin cancanta. Mai niyyar sayen gida ya riƙe lissafin nan: bashin gida mai lamunin FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, yana buɗewa shekara 2 bayan sallamar Babi na 7, wanda ke bin ƙa'idar Fannie Mae (kamfanin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna) kuma shekara 4, kuma a duka biyun watannin da suka biyo bayan ranar sallama ne mai ba da bashin zai zauna ya karanta layi-layi.